Kafin Mu Rushe Tawada: Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura

Ana idar da sallar asuba na saɓa jakata na fito daga gida a Kano. Ruwan da aka kwana ana yi bai gama ɗaukewa ba, saura yayyafi. Maiɗakina Rabi ta rako ni bakin ƙofa, ta naɗe mini kwamfuta a leda biyu saboda jiƙa, ta ce in gaida mata Gwaggo, in kuma tabbata na ƙarasa Babura kafin in juyo.

Yawancinku kun san Tawada, tunda a kanta kuke karanta wannan labari, amma bari in yi wa baƙi bayani. Tawada manhaja ce ta buɗe shafin rubutu a intanet, wadda ni da abokina Nura muka rubuta tun muna ɗalibai a makarantar koyon kwamfuta a Kazaure. Ba ta sayarwa ba ce. A buɗe take, duk wanda ya iya yana da damar leƙa cikinta ya gyara, ya ƙara, ko ya kwafa ya yi tasa. Yanzu mu uku ne ke kula da ita: ni, da Maryam a Zariya, da Abdu a Damagaram. Nura ya ajiye aikin tun lokacin da ciwon ido ya ci ƙarfinsa ya koma garinsu Babura.

Tun bara Maryam da Abdu suke cewa Tawada ta tsufa, faci ya daina riƙe ta. A gyara nan, can ya ɓalle. Shawararsu ita ce a ajiye tsohuwar gaba ɗaya, a sake rubuta sabuwa tun daga tushe. Na san gaskiya suka faɗa, amma duk taron da muka yi sai na samo dalilin ɗagawa. Tushen nan da suke so a tone, hannun Nura ne. Har yanzu in na buɗe shi ina cin karo da 'yan bayanan da yake sakawa tsakanin layuka; akwai inda ya rubuta mini kada in taɓa nan sai ya dawo daga masallaci. Da suka matsa mini, na ce su ba ni 'yan kwanaki in je in ga masu rubutu a kanta a ƙasar Kazaure, inda aka fara, daga nan in wuce wajen Nura in ji ta bakinsa.

Kano zuwa Kazaure

A tashar Ƙofar Ruwa na samu wata Sharon ta kusa cika. Kafin ragowar fasinja su zo na sha koko da ƙosai a tsaye a ƙarƙashin rumfar kwano, ruwa yana ɗiga ta wata ɓula daidai takalmina. Kuɗin mota ya kusa ninka wanda na sani. Da na yi magana, direban, wani dattijo mai furfura a gemu, ya ce in je in tambayi gidan mai. Mun tashi gari ya soma wayewa. Daga fita Kano har Dambatta gero ne da dawa hagu da dama, sun yi kore shar, wani geron har ya fara fitar da kai. A wani shinge wani jami'i ya leƙo ya ga jaka a cinyata, ya tambayi abin da ke ciki, na ce kwamfutar aiki ce, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Can duwatsun Kazaure suka fara bayyana daga nesa. Nan aka haife ni, amma tun rasuwar mahaifina zuwana ya zama na biki da ta'aziyya, in zo da safe in koma da yamma.

Da hantsi na sauka gidan Gwaggo Binta, ƙanwar mahaifina. Tsohuwar shugabar makarantar firamare ce, tana kuma cikin mutanen farko da suka buɗe shafi a Tawada. Abin da take rubutawa shi ne yadda Kazaure take a ƙuruciyarta: sunayen unguwanni na da, rijiyoyin da aka cike, irin girkin da yanzu ba a yi. Da yatsa ɗaya take bugawa a waya, tabarau a ƙarshen hanci. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce sai na ci ɗanwake kafin ta saurari wata maganar aiki.

Da na faɗa mata abin da ya kawo ni, ba ta damu da rushewa ko ginawa ba. Kukanta ɗaya ne: in tana cikin rubutu mai tsawo sabis ya ɗauke, komai sai ya tafi. Ta ce a azumin da ya wuce ta zauna ta rubuta labarin mahaifina, yadda yake goya ta a keke zuwa makaranta, da ranar da suka faɗa kwata har da kwanon abincinsu. Ta kai ƙarshe, ta danna aikawa, shafin ya yi fari fat. Bayan kwana biyu ta sake rubutawa, aka kuma.

"Na ukun ban iya ba, Habibu," in ji ta. "Na zauna, maganar ta ƙi zuwa yadda ta zo da farko."

Na roƙe ta ta ba ni da baki. Ta gyara zama ta ba ni, ina zaune a tabarma kusa da ƙafarta. A nan na ji cewa mahaifina yana yaro burinsa ya zama direban jirgin ƙasa, alhali bai taɓa ganin jirgin ba sai a littafi, kuma duk gidan shi kaɗai yake iya sa kakarmu dariya in ta yi fushi. Ban taɓa jin ko ɗaya ba. Da ta gama ta ce na bakin bai kai wanda ta rubuta ba, wancan ya fi cika.

Bayan la'asar na taka zuwa unguwar da ke kusa da dam, inda ni da Nura muka yi haya. Ɗaki ɗaya ne a zauren wani gida. Yanzu an fasa masa ƙofa ta waje ya zama shagon sayar da siminti. Mai shagon ya ga na daɗe a tsaye, na yi masa bayani, ya ce in shiga. Na shiga ina auna inda katifarmu take, da inda teburin yake, da tagar da muke zuro wayar wuta daga janaretan wani mai aski. Nura shi ne mai saurin hannu a cikinmu. In aiki ya ƙi sai ya miƙe ya ce mu je bakin ruwa mu sayi soyayyen kifi, kafin mu fara ci amsar ta zo masa, ya bar ni da kifin ya ruga ɗaki. Na ƙarasa bakin ruwan na sayi kifin. Yajin bai canza ba, ruwan ya cika har ya taɓo gindin duwatsu, amma na kasa cinyewa. Na ƙunso sauran na kawo wa Gwaggo.

Roni

Washegari da safe na hau acaɓa zuwa Roni. Tafiyar ba ta da nisa, sai dai hadari ya tsayar da mu a hanya, muka fake a wata rumfar mai shayi har ya wuce. Malam Isyaku, malamin gona, ya tare ni a bakin sakatariya ya ɗauke ni a babur ɗinsa zuwa gonar gyaɗarsa, wai can ne sabis ya fi kamawa saboda tudu. Shafinsa na manoma ne: lokacin zuba taki, maganin tsutsa, irin da ya dace da shekarar da ruwa ya yi jinkiri.

Ya miƙo mini wayarsa ya ce in buɗe shafin da kaina. Muka tsaya muna kallon fuskar waya, har wasu manoma suka zo muka gaisa suka wuce, bai gama buɗewa ba. Da ya buɗe, ya ce in shiga wurin bincike in nemi gyaɗa. Na nema, manhajar ta ce babu. Alhali rabin rubutunsa a kan gyaɗa ne.

Na san dalili. A zamanin da muka rubuta Tawada, yawancin wayoyi ba sa nuna haruffa masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, sai mutum ya ga akwati ko alamar tambaya a gurbinsu. Nura ne ya samo dabara: duk inda harafi mai lanƙwasa ya zo, sai manhajar ta ɗora ɗan ƙaramin hotonsa a wurin. Ko wace irin waya ka riƙe, za ka ga Hausa daidai. Da wannan dabarar Tawada ta yi suna, a kanta kuma aka ɗora komai, har yadda ake adana rubutu. Yau wayoyi sun iya haruffan da kansu, hotunan sun zama kaya. Su ke ƙara wa shafi nauyi, su ke hana bincike gane kalma.

Malam Isyaku ya ce shi dai ya samo wa kansa mafita, ya daina sa lanƙwasa. Ya nuna mini rubutunsa na kwanan nan, na ga gyada, na ga kasa, na ga kwari. Abin ya sosa mini rai, domin saboda waɗannan haruffa muka ƙarar da ƙuruciyarmu a ɗakin da na gani jiya. Ya lura da fuskata, ya ce ranar da muka gyara zai koma, shi ma ba ya jin daɗi ya rubuta kwari manomi ya rasa ƙwarin gona ake nufi ko gangare. A gidansa na kwana, a ɗakin baƙi, bayan tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa da hira mai tsawo a kan tsadar taki.

Gwiwa

Malam Isyaku ya haɗa ni da wani ɗan acaɓa da ya yarda da tuƙinsa, ya kai ni Gwiwa. Na tarar ranar kasuwa ce, kekuna da babura da amalanken shanu sun cika hanya, sai da na sauka na ƙarasa a ƙafa. Wanda na je gani Malam Salisu ne, ma'aikaci a ƙaramin asibitin garin. Shi ba ya rubutu a Tawada. Matarsa Zainab ce take yi, malamar makaranta, kuma Allah ya yi mata rasuwa a 'yan shekarun nan. Da maganar sake ginin ta fara yawo, ya nemi lambata ya kira ni, ya ce in na samu hali yana so mu gana.

Ya kai ni gidansa ya shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, mahaifiyarsa ta aiko mana da fura. Ya buɗe mini shafin. Kore ne mai duhu, daga sama akwai hoton wata kuka da ta ɗauka a hanyar makaranta. Rubuce-rubucen gajeru ne: amsar ban dariya da wata ɗaliba ta ba ta a aji, ranar da akuya ta shiga ta cinye mata alayyahu, yadda take tsoron hawa babur amma take hawa kullum. Ya ce ba koyaushe yake buɗewa ba, amma in ya buɗe muryarta yake ji, har inda take tsayawa ta yi dariya. 'Yarsu ba ta isa karatu ba tukuna, yana so in ta isa ta samu shafin yadda uwarta ta bar shi.

"Yallaɓai, in kun rushe, nata zai tafi?"

Na ce rubutunta ba zai ɓata ba ko harafi ɗaya, wannan na yi masa alkawari. Kamannin shafin ne ban sani ba, domin sabuwar manhaja da nata fasalin take zuwa.

Ya shafa gefen wayar da babban yatsa. Can ya ce koren nan a kan tabarmar nan ta zaɓe shi. Ta nuna masa launuka ta ce ya zaɓa mata, da ya zaɓa sai ta ɗauki wani daban. Ya yi ɗan murmushi.

"Ban san aikinku ba," in ji shi. "In ba zai yiwu ba, ba komai. Na dai ce bari in faɗa wa wanda zai iya."

Ban ƙara masa wani alkawari ba, don ban san ko zan iya cikawa ba. Ya rako ni har bakin kasuwa, ya koma asibiti. A kan babur, tun daga Gwiwa har Kazaure, ba abin da nake juyawa a raina sai yadda za a yi tsofaffin shafuka su zauna yadda suke.

Babura

Na sake kwana gidan Gwaggo, da sassafe na nemi motar Babura. Mun daɗe a tasha kafin ta cika. Kusa da ni wani ɗan kasuwa ne daga Nijar, mai farin rawani, yana ta cinikin sefa da wani a waya. Da ya gama ya tambaye ni sana'ata. Na yi ta ƙoƙarin bayani, daga ƙarshe ya ce wato magini ne ni, sai dai ba a ganin ginin. Na ce kusan haka ne. Shingaye sun fi yawa a wannan hanya saboda kusancin iyaka, ana buɗe but ɗin mota ana tambayar abin da ke cikin buhuna. A wani kwari ruwa ya haye titi, muka sauka muka naɗe wanduna muka taka, direba ya lallaɓo da motar a bayanmu.

Mun shiga Babura ana kiran azahar. Gidan su Nura na san shi tun zuwan da na yi bikinsa. Na yi sallama a zaure, kafin in rufe baki na ji muryarsa daga ciki yana cewa a shigo da Injiniya, sunan da yake tsokanata da shi tun muna aji. Ya fito yana bin bango da hannu. Ya yi 'yar ƙiba, idanunsa a buɗe kamar na kowa, sai dai gefen kafaɗata suke kallo. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Na shiga na gaida Inna, mahaifiyarsa, ta ce na rame, zaman Kano bai karɓe ni ba. Matarsa Sa'a ta kawo mana dambu da zogale.

Yanzu cinikin riɗi da zoɓo yake yi tare da wansa. Wan ne ke zuwa kasuwa, shi yana riƙe da waya, ya san dillalan tsallaken iyaka da murya ɗaya bayan ɗaya. Muka yi salla, muka ci abinci, muka yi hirar abokan karatu, wane ya koma Abuja, wane ya rasu. Na yi ta kewaye-kewaye na kasa kawo maganar. Nura ne ya katse ni, ya ce Maryam ta riga ta kira shi tun watan jiya ta faɗa masa komai, har da cewa ni ne nake jan ƙafa.

Ya zaro wayarsa daga aljihu. Akwai manhajar da ke karanta masa duk abin da ke kan fuskar waya, da muryar wata baturiya mai tauna Hausa da ƙyar; ya ce kunnensa ya saba da ita. Ya shafa, ya shafa, har ya buɗe shafina, ya tsaya a kan rubutun da na yi farkon damina, wanda ya fara da cewa ƙasa ta jiƙa, gyaɗa ta tsiro. Muryar ta karanto: hoto, asa ta ji, hoto, a, gya, hoto, a ta tsiro.

Nura ya yi dariya har da buga cinya. Ni na kasa. Ya ce haka take yi masa a kowane shafi na Tawada, duk harafi mai lanƙwasa sai ta ce hoto, shi ya sa ya daɗe da daina shiga. In ya ji marmarin rubutuna sai ya jira Sa'a ta gama aiki ta karanta masa. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa mini. Ya ce ya fi kowa sanin gyaran ba na faci ba ne, sai an tone tushe, kuma ya san aikin sa kai muke yi, kowannenmu da iyalinsa da neman abincinsa.

"Dabarar nan ni na yi ta, kuma ranar da na yi ta daidai ce," in ji shi. "Yau ita ta hana ni shiga. Me kake jira?"

Na faɗa masa abin da ban faɗa wa su Maryam ba. Na ce duk fayil ɗin da na buɗe shi nake gani, in aka ajiye tsohuwar kuwa, ji nake ba sauran abin da muka yi tare da ya rage a hannuna.

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

"Habibu, in ni kake nema, ga ni a Babura. Ba na cikin fayil."

Sa'a ta shigo ta tattara kwanuka ta fita.

Bayan la'asar muka fito da tabarma ƙofar gida, na kira Maryam da Abdu na buɗe murya. Abdu bai taɓa jin muryar Nura ba, duk shekarun da ya yi yana gyaran abin da Nura ya rubuta. Ya gaishe shi da ranka ya daɗe, Nura ya ce ya bari, shi ba hakimi ba ne. Na ba su labarin Gwaggo, Maryam ta ce sabuwar za ta riƙa adana kowace kalma a cikin wayar mai rubutu tun yana bugawa, ko da sabis zai tafi ya kwana. Maganar haruffa ba a ma tsaya a kanta ba, kowa ya yarda a rubuta su a matsayin haruffa, a rabu da hotuna.

Inda aka yi gardama shi ne shafin Zainab. Ni na ce a bar tsofaffin shafuka yadda suke, kada a taɓa komai a cikinsu. Nura ya ƙi. Ya ce in aka bar su da hotunan, to shi da ire-irensa an rufe musu duk abin da aka rubuta a shekarun nan, har da nasa rubutun na da. Na ce ni na ga fuskar Malam Salisu, shi bai gani ba. Maganar tana fita na ji kunya ta rufe ni, shi kuwa ya ce ai shi ya sa ya fi ni natsuwar tunani. Muka yi ta ja, yana katse ni ina katse shi, masu wucewa suna waiwayenmu, har Maryam ta ce mu yi haƙuri mu bar ta ta yi magana. Shawararta aka bi. Za a rubuta wata 'yar manhaja da za ta bi tsofaffin shafuka ɗaya bayan ɗaya, ta cire hotunan ta sa haruffa a gurbinsu, amma launi da fasali da adireshi su zauna yadda masu su suka bar su. Wannan kaɗai zai ƙara mana watanni a kan aikin. Ba wanda ya ce a'a.

Kafin a kashe waya Abdu ya ce yana da sharaɗi: ba za a saki kowane sashe ba sai Nura ya bi shi da kunne ya ce ya yi. Nura ya ce shi ɗan kasuwa ne yanzu, lokacinsa da tsada. Amma kafin a kira magariba ya riga ya fara jero mini abin da yake so a soma da shi.

Komawa gida

A ɗakin zaure na kwana. Da safe Inna ta sa aka ƙulle mini riɗi da zoɓo na kai wa Rabi. Nura ya ce shi zai raka ni tasha. Ya ɗora hannu a kafaɗata muka taka a hankali muna kauce wa taɓo, wansa yana biye da mu daga baya don ya mayar da shi gida. Duk wanda ya yi mana sallama sai ya amsa masa da sunansa. Mun kusa tasha ya tambaye ni ko na fara furfura. Na ce ta fara cin gemu da gefen kai. Ya ɗaga hannu ya shafa gemun nawa, ya ce shi bai ji wata furfura ba, a wajensa ina nan yadda ya gan ni na ƙarshe, siriri, da hular da ta fi ƙarfin kaina.

Motar ta cika, muka yi sallama. Ta taga na hango shi tsaye yana fuskantar inda motar ta tashi, hannunsa a sama, har muka sha kwana. Ta Kanya da Kunya muka biyo, muka ɓullo Kwanar Dumawa, ruwa ya sake tare mu daf da shiga Kano. Na iso gida ana fitowa daga sallar la'asar.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Gwaggo Binta, da Malam Isyaku da iyalinsa, da Malam Salisu da ya yarda in ba da labarinsa, da Inna da Sa'a, da direbobi da 'yan acaɓan da ban ma tambayi sunayensu ba. Masu shafi a Tawada kuma ku kwantar da hankalinku, tsohuwar za ta ci gaba da aiki har ranar da sabuwar ta tsaya da ƙafarta.

Da na huta na zauna a tebur na buɗe sabon fayil, fari fat ba komai a ciki. Ban kai ga buga harafi ɗaya ba waya ta yi ƙara. Nura ne. Ya tambaya ko na isa lafiya, na ce lafiya ƙalau. Sai ya ce tun da motata ta tashi yake tunanin yadda muka ce za a adana rubutu, kuma ya gano ba mu yi daidai ba. Na jawo kujera na gyara zama, na ce ina jin sa.